Wa Ya Karkata Layin Turaku?

Da hantsi ne, ranar Talata. Ruwan da aka tafka jiya da la'asar ya bar gari luf, ƙasa ta yi laushi, rana ta leƙo amma ba ta da zafi. Sufeto Kailani yana zaune a caji ofis na Tudun Wada yana kankare taɓo daga takalminsa da tsinke, sai ga wani mutum ya faɗo yana haki, da doguwar takarda a naɗe a hammata.

Mista Kato ne, akawun Baturen safiyo mai awon filaye. A lokacin Turawa ba su fi shekara ashirin da 'yan kai da zama a Zariya ba, kuma duk wanda ya iya riƙe alƙalamin boko, to Mista ake ce masa.

"Sufeto, an yi mana sata a filin ƙwallo."

"Me aka sace?"

Kato ya gyara takardar a hammata. "To, shi ne ban sani ba."

Sufeto ya ajiye tsinken. "Ka kawo ƙarar sata, kuma ba ka san abin da aka sace ba?"

"Ƙasa ce. Ina jin ƙasa ce. Amma da na auna, sai na tarar ba ta ragu ba."

Sufeto ya dubi Kofur Tagwai, wanda ke tsaye a bakin ƙofa yana ɓare gyaɗa. Shi ma Tagwai kallonsa yake.

"Ɗauko sandarka, Kofur. Mu je mu ga wannan satar da ba ta rage komai ba."

Filin ƙwallon yana gefen unguwa. Ma'aikatan reluwe da manyan 'yan makaranta ne ke bugawa a cikinsa ran Asabar. Da can fili ne fetal, amma gidaje suka yi ta matsowa har suka kewaye shi. Yanzu 'yan kallo sun yi yawa, babu wurin tsayawa, in an buga ƙwallo da ƙarfi sai ta faɗa cikin tukunyar wata. Shi ne aka ce za a faɗaɗa shi, a gina katanga da rumfar 'yan kallo. Gefe ɗaya kwari ne, gefe ɗaya hanya, gefe ɗaya masallaci. Saura gefe guda, inda bayan gidaje biyu ya jingina da filin: gidan Labaran kafinta, da na Malam Mika'ilu tela, wanda ya fi faɗi.

Makon jiya aka cire dangar bayan gidajen, aka kafa turaku masu jan kai a jere, miƙe sak. A kan layinsu za a haƙa harsashin katanga. Abin da aka ci na kowa, an ce za a ba shi madadinsa a wani wuri.

"Duba nan," in ji Kato. Ya nuna wasu ƙananan ramuka a jere, kowanne cike da ruwan sama. "Nan muka kafa su. Yanzu dubi inda suke."

Sufeto ya duba. Turakun suna nan a jere, layinsu miƙe kamar da, sai dai ya karkace. Ta wajen gidan Labaran ya fita cikin fili, ya mayar wa Labaran madafarsa da bishiyar lemunsa. Ta wajen gidan Mika'ilu kuwa ya shige cikin gida, har turken ƙarshe ya tsaya a jikin ɗakin da tsohon yake ɗinki.

Tagwai ya durƙusa ya auna da hannunsa, daga gwiwar hannu zuwa yatsa. "Kamu takwas ya fita ta nan." Ya tafi ɗaya ƙarshen. "Kamu takwas ya shiga ta nan. Ranka ya daɗe, wannan ɓarawon mai adalci ne."

"To wa aka cuta?" Sufeto ya tambayi Kato.

"Fili."

"Ka ce bai ragu ba."

"Bai ragu ba, ya karkace ne. In katanga ta karkace, rumfa ba za ta zauna yadda take a taswira ba."

"'Yan kallon za su zube ne?" in ji Tagwai.

Kato bai kula shi ba. "Kuma turaku goma muka kafa. Yanzu tara ne."

Sufeto ya ƙirga turaku, tara. Ya ƙirga ramukan ruwa, su ma tara. Ya sake ƙirgawa.

"Tara da tara ai daidai ne, Mista Kato."

"Goma ne! Ni na riƙe su da hannuna."

"To ina ramin na goman?"

Kato ya buɗe taswira, ya juya ta sama, ya juya ta ƙasa. Babu amsa a ciki.

Suna cikin haka Baturen safiyo ya iso a kan keke. Bai ɓata lokaci ba. Ya dubi layin, ya tambayi gidan wa ya ƙaru, aka ce na Labaran. Ya yi magana da Turanci, Kato ya fassara yana sunkuyar da kai.

"Ya ce a kama kafinta. Ya ce jibi Alhamis da safe a kai shi kotu. Zai nemi a ɗaure shi wata shida, kuma madadin da za a ba shi ya rasa."

Aka fito da Labaran daga gida, da garin katako a gemunsa. Mutum ne gajere, mai saurin magana.

"Ni? Wallahi ban taɓa ba! Sai da na fito alwalar asuba na ga lemuna ya dawo cikin gidana. Na ɗauka Bature ne ya ji tausayi."

"Ina kake jiya lokacin ruwa?"

"Sabon Gari. Na je sayen ƙusa."

Tagwai ya tafi da shi. Sufeto ya tsaya yana sosa ƙeya. Wanda ya ƙaru shi ake zargi, wannan haka ne. Amma mutum ya saci ƙasa sannan ya bar shaida a bayan ɗakinsa da jan kai, kowa na gani? Abin bai shiga kansa ba.

Ya yi sallama a gidan Labaran. Matarsa Atika ta amsa daga bayan zana.

"Ina maigidanki yake jiya da ruwan nan ya sauko?"

"Yana ɗaki. Barci yake. Ko motsi bai yi ba."

"Shi ya ce yana Sabon Gari."

Ta ce, "To, wataƙila bayan ya tashi ne."

"Ya tashi cikin ruwa ya tafi sayen ƙusa?"

"Ranka ya daɗe, ni dai ku sako mini shi. 'Ya'ya huɗu gare mu. In aka ɗaure shi wata shida, me za mu ci?"

Daga nan Sufeto ya zaga gidan Malam Mika'ilu. Ya same shi zaune a kan buzu a ƙofar ɗakin ɗinki, yana sa zare a allura. Dattijo ne siriri, ya ba hamsin baya. Matarsa Kulu ta rasu bara, shi kaɗai yake zaune a gidan. Kafin ya amsa gaisuwa sai da ya yi atishawa sau biyu.

"Sannu, Malam. Mura ce?"

"Ta damina ce, ranka ya daɗe."

"An cuce ka. An shigo da turke har jikin ɗakinka. Wa kake zargi?"

"Ba kowa."

"Ba ka ga kowa ba?"

"Ina cikin birni jiya, na kai wa wani riga. Sai bayan magariba na dawo."

"To kwantar da hankalinka, za a mayar da layin inda yake, ɗakinka ya tsira."

Allurar ta tsaya a hannun tsohon. "A'a. A bar shi haka. Na yafe."

"Ka yafe ɗakin da kake neman abinci a cikinsa?"

"Ɗaki ne kawai. Jinka ce da laka."

Sufeto ya fito ya fi yadda ya shiga ruɗewa. Wanda ya ƙaru yana rantsuwa bai sani ba, wanda ya rasa yana cewa a bar masa asararsa.

Da azahar ya sa aka fito da Labaran daga bayan kanta.

"Matarka ta ce barci kake. Kai ka ce ƙusa. Ina ƙusar?"

Labaran ya yi ta murza hula a hannu. Daga bisani ya ce, "In na faɗa, kada unguwa ta ji."

"Faɗi."

"Ina ofishin safiyo. Ruwa a can ya tare ni har magariba. Aikin bencin rumfa na je nema." Ya ƙara rage murya. "Turakun nan ma ni na sassaƙa su. Goma cif, ni na shafa musu jan fenti. Ka ga in maƙwabta suka ji cewa ni nake sassaƙa abin da ake cin gidajenmu da shi, da wane ido zan dube su?"

Sufeto ya aika aka kira Kato. Kato ya ce haka ne, tare suka fake.

"To me ya hana ka faɗa a gaban Bature?"

"Bai tambaye ni ba. Kuma ba da saninsa na ba maƙwabcin fili aikin ba."

Suka je tare suka gaya wa Bature. Ya saurara, ya girgiza kai. Kato ya fassara: kafinta yana iya sa wani ya yi masa. Gidansa ne ya ƙaru. In Sufeto yana da wani mai laifin, ya kawo shi kafin Alhamis. In babu, kafinta ne.

Abu ɗaya dai ya tabbata, turaku goma ne. To ina na goman, kuma ina raminsa?

Da la'asar Tagwai ya dawo daga cefane yana dariya. "Ranka ya daɗe, na gano turken gwamnati. An ba shi sabon aiki."

A ƙofar gidan Inna Hajo ungozoma suka same shi, can tsallaken hanya, da akuya ɗaure a jiki. Inna Hajo tsohuwa ce mai ƙarfin murya. Rabin yaran unguwar a hannunta suka faɗo, saboda haka ba ta tsoron kowa.

"Inna, ina kika samu wannan?"

"Nawa ne. Tun zamanin mijina."

"Da jan fenti?"

"Mijina mai son ado ne."

Tagwai ya juya baya yana tari. Sufeto ya daure. "Inna, mutum yana kulle a kan turken nan."

Ta dube shi sama da ƙasa. "To, tsinta na yi. Cikin kwata, can bakin hanya. Abin da aka jefar ai ba sata ba ne."

"Jefar? Wa ya ce miki jefarwa aka yi?"

"Kai ɗan nan, turke yana da ƙafa ne?"

"Kin ga wanda ya jefa?"

"Ruwa ake kamar da bakin ƙwarya. Idona kuma ya tsufa." Ta kwance akuyarta, ta tura masa turken da ƙafa. "Ɗauki abinka. Wa kuka kulle?"

"Labaran."

Fuskarta ta canza. Ta ja akuyarta ciki.

Sufeto ya koma ofis da turke a hannu. Tara an matsar da su a tsanake, an auna, an jera. Ɗaya kuma an wurga shi har tsallaken hanya. Mutum ɗaya ne ya yi duka biyun? Ya juya turken, ya shinshina shi ma. Warin akuya kawai.

Da safiyar Laraba, Tagwai ya ce, "Af, na manta. Telan nan ya zo jiya sau biyu. Ya tsaya a bakin ƙofa, ya leƙa, ya juya. Na ce Malam lafiya? Ya ce wai ya zo ya ji ko akwai kakin da ya yage a ɗinke."

"Sau biyu?"

"Sau biyu. Na biyun ko tambayar bai ƙarasa ba."

Sufeto ya ɗauki hularsa. Suka koma fili, ya bi turakun ɗaya bayan ɗaya, a durƙushe. A jikin na farko, ƙasa da jan fentin, ya ga wani abu. Guntun zare ne baƙi, an ƙulla shi, an yanke. Ya tafi na ƙarshe, can jikin ɗakin ɗinki. Shi ma akwai.

"Zare aka ja daga wannan kai zuwa wancan," in ji shi. "Shi ya sa layin ya miƙe."

"Kafinta ai da igiya zai ja," in ji Tagwai. "Wannan zaren ɗinki ne." Sai ya dubi ɗakin Mika'ilu. "A'a, ranka ya daɗe. Mutum ya saci ɗakinsa ya ba Bature? Sai dai in taɓin hankali."

"Ni ma abin da ya tsaya mini ke nan."

Sufeto ya daina duban turaku. Ya shiga tsakanin tsohon layi da sabo, ya fara duba abin da aka ceto. A ɓangaren Labaran, madafa ce da lemu. Ya tsallaka iyaka ya shiga ɓangaren Mika'ilu, inda layin bai riga ya juya cikin gida ba. Wata 'yar kusurwa ce a bayan wani ɗaki rufaffe. Babu komai a wurin. Ciyawar damina ce ta ko'ina har gwiwa.

Sai wuri guda. Bai fi faɗin tabarmar salla ba, kuma babu ciyawa ko ɗaya a kansa. An cire ta da hannu, an share. A gefe akwai fasasshiyar tukunya a kife, ta nutse rabi cikin ƙasa.

Ya ƙirga ramukan ruwa daga farko. Ɗaya, biyu, uku. Sai tazara mai yawa, sannan na gaba. Inda ramin na huɗu ya kamata ya kasance, a tsakiyar wurin nan ne. Ya durƙusa ya duba. An cike shi da sabuwar ƙasa, an shafe da tafin hannu. Sawun yatsu na nan.

Ya cire hularsa. Tagwai, da ya zo da wani barkwanci a baki, ya haɗiye shi.

"Ɗakin wa ne wannan?"

"Na marigayiya Kulu, na ji an ce."

Sufeto ya miƙe a hankali, ya koma da baya, ya bi ta gefe.

Ya tarar da Kato a ofishin safiyo yana feƙe fensir.

"Kafin a kafa turaku, ko bayan an kafa, wani ya kawo kuka?"

"Babu."

"Mista Kato, jiya ma ka ɓoye mini abu ɗaya. Kada ya zama biyu."

Kato ya ajiye wuƙar. "Ba kuka ba ne. Telan ne. Ya zo sau uku. Ya zauna, ya gaishe ni, ya tambayi iyali, ya tambayi aiki. Sai ya ce akwai wani abu a bayan gidansa. Na ce wane abu? Ya ce wani abu dai. Na ce rijiya ce? A'a. Rumbu ne? A'a. Dukiya ka binne? A'a. Na ce Malam, takarda ba ta karɓar wani abu, sai an faɗi sunansa. Ya yi shiru, ya yi shiru, ya ce to ya gode, ya tafi. Sau uku haka. Me zan rubuta?"

Sufeto ya fita. Ya wuce gidan Inna Hajo. Wannan karon bai yi mata tambayar turke ba.

"Inna, Kulu ta taɓa haihuwa?"

Tsohuwar ta daɗe tana tsince ƙasa daga cikin geronta. "Sau ɗaya. Shekara goma sha shida ke nan. Ni na yanke cibiya. Ni kuma na yi masa wanka na ƙarshe. Jinjirin da bai kai suna ba, a bayan ɗakin uwarsa muke sa shi, ka sani."

"To me ya hana Malam faɗa? Kalma ɗaya ce."

"A wurinka. Ɗan fari ne fa. A gidansu Mika'ilu, uba ba ya kiran ɗan fari, ba ya ɗaukarsa a gaban mutane, ba ya maganarsa. Kunya ce. Wanda yake raye ma ke nan, balle wanda ko suna bai samu ba. Shekara goma sha shida ban taɓa jin ya ambace shi ba, ko ga Kulu. Ciyawa dai yake cirewa."

Sufeto ya tuna gidansu. Shi ma ɗan fari ne. Har ubansa ya rasu, "kai wannan" yake ce masa.

Ranar Alhamis da sassafe, kafin lokacin kotu, ya sa Tagwai ya taho da Labaran, suka nufi gidan tela. Can cikin fili Kato ya riga ya iso da leburori da diga da shebur. Bature ya ba da umarni a mayar da layi yau, a fara haƙa.

Mika'ilu yana zaune inda yake kullum, amma ba ya ɗinki. Ya sa babbar rigarsa, ya naɗe buzunsa a gefe. Da ya ga Labaran da ankwa, sai ya sunkuyar da kai.

Sufeto ya ajiye guntayen zaren biyu a gabansa. "Malam, ba ka je birni ran Litinin ba. Murar nan a bayan gidanka ka same ta."

"Haka ne."

"Kai ka matsar da turaku?"

"Ni ne. Da ruwa ya kori kowa ɗaki, na fito. Na ja zare, na jera su." Ya ɗago. "Amma ban cuci Bature ba, ranka ya daɗe. Kamu takwas na ɗiba, kamu takwas na mayar masa daga ɗakina. In riga ta matse a wuri ɗaya, daga wani wuri ake ɗebo ƙyalle a sa mata, ba ta raguwa. Na ɗauka in ya auna ya ga ƙasarsa ta cika, shi ke nan."

"Da ka matsar da turke ɗaya kawai."

"Da an gani. Da an zo an tambaye ni me ke wurin."

Labaran ya yi tsalle har ankwar ta yi ƙara. "Baba Mika'ilu! Kai ne? Kwana biyu ina kwana da kuɗin cizo! Yau fa kotu za a kai ni! Me na yi maka?"

"Ba ka yi mini komai ba. Ban san kanka zai faɗa ba. Na je caji ofis sau biyu."

"Ka je ka yi me? Ka leƙa ni?"

"Na je in faɗa. Sai na tuna za su ce, don me?"

"To don me? Ni ma ina tambaya! Don me?"

Bakin tsohon ya motsa. "Akwai wani abu a wurin."

"Wane abu?"

Sufeto ya ɗaga wa Labaran hannu. Ya durƙusa kusa da dattijon, ya yi ƙasa da murya.

"Malam, ba sai ka faɗa ba. Turke na huɗu, a kansa aka kafa?"

Mika'ilu ya gyaɗa kai, idonsa a ƙasa.

"Na Kulu ne?"

Ya sake gyaɗawa.

"Kwana nawa ya yi?"

Tsohon ya ɗaga hannu daga kan gwiwarsa, ya miƙe yatsu huɗu, ya mayar.

Labaran ya dubi yatsun, ya dubi ɗakin nan rufaffe.

Sufeto ya miƙe. "Kofur, kwance kafinta." Tagwai ya cire ankwar, ya tsaya riƙe da ita yana duban Sufeto. Sufeto ya girgiza kai, Tagwai ya sa ta a aljihu.

"Malam Mika'ilu, na kama ka da laifin cire turakun gwamnati. Za ka yi bayani a gaban kotu. Abin da ba za ka iya faɗa ba, ni zan rubuta shi. Ban san ko zai yi amfani ba."

"To," in ji tsohon. Ya ɗauki buzunsa da butarsa, ya jawo ƙyauren ɗakin ɗinki. Bai waiwayi bayan gida ba. Tagwai ya sa shi gaba, suka fita ta zaure, suka bi hanya a hankali, har suka sha kwana ta wajen masallaci.

Sufeto ya juya zai ce wa Labaran ya tafi gida, sai ya ga ba ya nan. A lokacin ya ji ƙarar diga daga baya. Ya zaga da sauri.

Leburori sun riga sun ja igiya a kan tsohon layi. Nagoda, shugabansu, ya tofa yawu a hannu, ya ɗaga diga daidai wurin nan da babu ciyawa. Labaran yana tsaye a gabansa, da shatin ankwa a wuyan hannunsa.

"Dakata, Nagoda."

"Kai kuma ba a kulle kake ba? Matsa mana."

"Nan kabari ne. Ɗan maƙwabcina ne."

Nagoda ya sauke digar a hankali. Ya dubi tukunyar da ke kife, ya ja ƙafarsa baya. "Innalillahi. Me ya hana a faɗa tun farko?" Ya juya ga mutanensa. "Kai, ku tsallake nan. Ku fara daga can. In akawu ya yi magana ku turo shi wurina."

Leburorin suka ɗebi kayansu suka matsa gaba. Labaran ya sunkuya ya ɗauke igiyar daga kan wurin, ya zagaya da ita ta gefe. Ya karkaɗe hannunsa, ya bi ta gaban Sufeto, ya shige gidansa yana kiran Atika ta ɗora masa ruwan wanka.